Yadda muka tayar da akori-kurar Baba domin sana'ar askirim

Lokacin da aka zo rabon gadon mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa da rahama, gonaki da gida da 'yan dabbobi ba su ba malamin da ya yi rabon wahala ba. Abin da aka tsaya ana kallon juna a kansa shi ne tsohuwar motarsa, Peugeot 404 akori-kura, wadda ta yi shekaru a kafe ƙarƙashin darbejiyar bayan gidanmu, a wani ƙauye na ƙasar Gumel. 'Yan gwangwan sun riga sun zo sun taya ta, kuma tayin da suka yi na ƙarfe ne kawai, wato a yanka ta a ɗora a sikeli a biya kilo-kilo. Yayanmu babba ne ya kawo shawarar a yi mata ƙima, kowa ya san rabonsa a cikinta kamar yadda shari'a ta tsara, sannan a bar ta a matsayin jarin gida, a gyara ta a riƙa yawon kasuwannin ƙauye da ita ana sayar da askirim da ƙanƙara. Ni aka ɗora wa kula da gyaran, kuma na ga ya dace in rubuta yadda aikin ya gudana, domin gidaje da yawa a Jigawa da Kano suna da irin wannan mota a kwance, masu ita ba su san ko a tayar da ita ko a sallama wa masu sikeli ba.

Ita dai 404 ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A 1960 kamfanin Peugeot ya fara fitar da ita a Faransa, ta kuma yi suna a Afirka saboda juriya, har ta lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1963, ta sake lashewa a 1966 da 1967 da 1968, a kan hanyoyin da ba su fi namu kyau ba. A 1975, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, aka buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri ta Kaduna, daga nan 404 da ƙanwarta 504 suka cika hanyoyin Arewa, har ya zama duk garin da ke da tasha yana da bakaniken da ya san cikinsu ciki da bai. An ci gaba da harhaɗa 404 a Kenya har 1991, shekarar da aka ƙirƙiri jiharmu ta Jigawa. Wannan tarihi yana da amfani ga mai niyyar gyara, saboda shi ne dalilin da ya sa har yau ake samun kayanta a kasuwa, ake kuma samun hannun da zai ɗaura su.

Akwai waɗanda suka ce mana kuɗin da za a kashe a kanta ya isa a sayi keke mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ko a ƙara kaɗan a sayi ƙaramar Hijet ta hannu, kuma dukansu sun fi ta sauƙin shan mai. Wannan magana gaskiya ce, ban taɓa musa ta ba. Sai dai wanda ya san hanyoyin da ke tsakanin ƙauyukanmu ya san rairayi ne da burji mai gargada, kuma kayan da muke nufin ɗauka ba marasa nauyi ba ne: firiza a cike, da batura, da rumfar ƙarfe da farantan sola a samanta, ga direba da mai miƙa kaya. Akori-kurar Peugeot an ƙera ta ne domin irin wannan lodi, tana da sifirin na faifai a baya, tayoyin baya ne ke tura ta, cikinta kuma yana da tazara da ƙasa. Babu kwamfuta a jikinta ko ɗaya, don haka in ta tsaya a daji, mai sifana da sukundireba da ɗan sani zai iya tayar da ita. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma a wannan aiki na ga hakan da idona.

Abin da ya tsara mana gyaran gaba ɗaya shi ne irin kayan da motar za ta ɗauka. Baba gero da gyaɗa da riɗi yake ɗauka da ita, in ta lalace a hanya sai ya shimfiɗa buzunsa a inuwa ya jira bakanike, ko da za a kwana, buhunan ba abin da zai same su. Askirim ba ya jira. Ana ajiye shi ne a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, alhali a watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin ƙasarmu yana wuce digiri 40, kuma idan ya narke aka sake daskarar da shi, ƙanƙara ce za ta fito masa tsaki-tsaki, ɗanɗanon ya lalace, ga haɗarin ƙwayoyin cuta tunda madara ce, kuma yara ne mafi yawan masu sha. Saboda haka muka yanke cewa duk abin da zai iya tsayar da motar a hanya, da duk abin da zai iya katse sanyi, shi za a fara kashe wa kuɗi, abin da ya shafi ado kuma ya jira.

Bakaniken da muka kai wa ita dattijo ne a cikin garin Gumel, wanda yana yaron gareji ya sha kwance wannan motar tare da maigidansa. Da aka jawo ta da tarakta ya buɗe bonet, sai ya tarar zanzaro ya gina ɗakunansa na laka a bakin kafireto, ɓeraye sun cinye wayoyi sun yi sheƙa da audugar kujera, injin kuma ya ƙi juyawa ko da an sa ƙarfe an danna. Bai yi gaggawar tilasta shi ba. Ya cire fulogai huɗun, ya zuba gas da ɗan baƙin mai a kowane rami, ya ce a bar shi ya jiƙa. Na tambaye shi ko ba zai fi sauƙi a nemo wani injin a ɗora ba, sai ya ce: "Ɗana, injin Peugeot ba ya mutuwa sai in bulo, wato gangar jikinsa, ya tsage. Bari mu buɗe mu gani tukuna."

Da aka buɗe, sai na fahimci abin da yake nufi. Injin 404 mai silinda huɗu ne, girmansa siisii 1618, a kishingiɗe yake gefe guda a cikin bonet, kuma ramukan da fistin ke hawa da sauka a cikinsu ba a jikin bulo aka fafe su ba. Silif ne, wato bututun ƙarfe, ake zurawa, ruwan sanyaya inji yana zagaye shi kai tsaye, in ya cinye a zare a sa sabo. Wannan ya sa ba a bukatar kai bulo wajen masu fafa, saiti guda ake saye na silif da fistin da ringi a ɗaura, injin ya dawo kusan sabo. Inda ake bukatar hannun gwani shi ne wajen zaunar da silif ɗin, domin dole bakin kowanne ya ɗan ɗara saman bulo da gwargwadon da ya dace, su huɗun kuma su yi daidai da juna, in ba haka ba gasket ba zai danne su ba, ruwa ya riƙa zurara cikin baƙin mai. Na ga dattijon nan ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan bulo yana zura siririn ma'auni a ƙarƙashinsa, ya auna wannan ya auna wancan, ya zare ɗaya ya sake wanke mazauninsa saboda ɗan tsatsar da ido bai cika gani ba. Rabin yini ya yi a kan wannan kaɗai, yaransa suna tsaye ba mai cewa uffan.

Kayan gyara kuwa sai da na shiga Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, inda ake samun sabo da tsoho da wanda aka ciro daga motocin da aka yanka. Abin da ya taimaka shi ne injin 404 da na 504 'yan gida ɗaya ne, abubuwa da dama na wannan suna shiga wancan, kuma 504 ta daɗe ana harhaɗa ta a Kaduna har cikin shekarun 2000. Shawarar da zan ba duk mai zuwa ita ce ya tafi da tsohon abin a hannunsa, a ɗora a kan sabon a gwada a gabansa, kuma kada ya yi rowa a kan gasket da famfon ruwa da robobin birki, domin a nan ne araha ba ta ado. Gilas da fitilu da murfin tanki za a iya sayen tsofaffi ba tare da fargaba ba.

Lagireto mun ba shi kulawa ta musamman. Motar sayar da kaya ba gudu take yi a kan kwalta iska na dukanta ba, tafiyar hawainiya take yi cikin rairayi da giya ta ɗaya ko ta biyu, da tsakar rana, kuma a irin wannan tafiya ne inji ke tafasa. An kwance shi an tsefe bututunsa ɗaya bayan ɗaya, aka sake dukkan tiyo da fanbel, mai wayarin kuma ya ƙara fankar lantarki a gabansa wadda direba zai kunna in ya ga allura ta fara hawa. Wayoyin motar gaba ɗaya sababbi aka ja, ba a yi faci ba. Kontak ɗin da ke ba fulogi wuta mun bar shi yadda yake, muka sayi na ajiya da kwandensa da fanbel muka sa a akwatin gaban mota, domin waɗannan ƙananan abubuwa su ne suka fi tsayar da irinta. Birki an sake robobinsa da bututunsa, an ƙara faifai ɗaya a kowane sifirin na baya, an sa tayoyi huɗu sababbi da safaya mai kyau.

Bayan motar ne ya fi lalacewa. Takin zamani da Baba ya riƙa ɗauka kowace damina ya cinye ƙarfen daɓen, domin gishirinsa yana jawo laima ya haifar da tsatsa, gara kuma ta gama da katakon da aka shimfiɗa. Mai walda ya yanke duk inda ya ruɓe ya sa sabon ƙarfe, aka shafe shasi da jan fentin hana tsatsa, sannan aka shimfiɗa farantin alminiyom wanda za a iya wankewa da ruwa da sabulu kowace yamma. A wurin da aka taɓa ɗaukar awaki da taki, ba zan yarda a ɗora abin da ɗan wani zai sa a baki ba sai an raba shi da tsohon daɓen kwata-kwata. Salansa ma an karkatar da bakinta zuwa ɗaya gefen, nesa da tagar da masu saye ke tsayawa.

Sai maganar sanyi, wadda ita ce zuciyar sana'ar. A ƙauyenmu ba a dogara da wutar lantarki, janareta kuma zai cinye ribar da mai, ga ƙara ga hayaƙi a kusa da abin sha. Don haka muka zaɓi sola. Firizar da muka saya mai buɗewa ta sama ce, domin iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, tana kwantawa a ƙasan akwatin, ba ta zubowa waje duk lokacin da aka ɗaga murfi kamar yadda take yi a firji mai ƙofa a gaba. Kuma irin wadda ke aiki da wutar batir kai tsaye ce, ba sai an bi ta inbata ba, wanda ke cin nasa kason na wutar yana kuma iya ƙonewa a ranar da aka fi bukatarsa. A saman rumfar aka ɗaure faranti biyu na sola, kowanne wat 300, sun zama rufi suna ba firizar inuwa, suna kuma cajin batura biyu masu amfiya 200 kowanne. Irin waɗannan batura na ruwa kowanne ya kai nauyin kilo 60 ko kusa da haka, shi ya sa aka ajiye su can gaba a jikin kan motar, gaban tayoyin baya, cikin akwatin ƙarfe mai ramukan shan iska, domin nauyin ya rabu daidai kada gaban motar ya yi sama a cikin yashi.

Akwai ƙa'ida guda da mai haɗa solar ya nanata mana, kuma na ga hikimarta: batirin tayar da mota daban, baturan firiza daban. Ya haɗa su ta wani makunni da ke ba injin damar taimaka wa baturan firiza da caji in ana tafiya, amma da an kashe mota sai ya raba su, don kada firiza ta zuƙe batirin mota a wuni a kasuwa, yamma ta yi a rasa abin tayarwa. Firizar kanta ba a ɗaure ta a kan ƙarfe tsirara ba, an yanka tsohuwar taya an yi mata matashi a kusurwa huɗu saboda girgizar hanya kada ta tsinka siraran bututun gas ɗinta, an kuma bar tazarar hannu tsakaninta da bango domin zafin da take fitarwa ya sami hanyar fita.

Duk da wannan, ban natsu ba sai da muka yi tanadin ranar da komai zai ƙi. Muna jera robobin ruwan gishiri a ƙasan firizar da gefunanta, su daskare cikin dare. Ruwan gishiri yana daskarewa ne a sanyin da ya fi na ruwan zalla, saboda haka in ya tashi narkewa ma a wannan sanyin yake narkewa, yana riƙe akwatin ƙasa da sifili na tsawon lokaci ko da wuta ta yanke. Sai dai gishirin yana da gwargwado, domin ruwan da ya ƙoshi da gishiri ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 21 ƙasa da sifili, abin da ƙaramar firiza ba ta cika kaiwa ba a lokacin bazara. Mun kuma rataya ma'aunin sanyi mai nuna lamba a waje, wayarsa a ciki, ƙanena da ke miƙa kaya yana dubawa ba sai ya buɗe murfi ba. Dokar gida ita ce duk askirim ɗin kamfani da ya yi laushi har ya canza siffa a cikin ledarsa, ba a mayar da shi a sayar.

Fenti shi ne ya zo ƙarshe, kuma a kansa ne aka fi ja-in-ja. Samarin gidan suna son launi mai ɗaukar ido, Inna kuma tana son a mayar da ita shuɗiya kamar yadda take a hannun Baba. Aka daidaita a kan cewa kan motar ya koma shuɗinsa na asali, rumfa da akwatin baya kuwa su zama farare tas, saboda fari yana mayar da hasken rana, duk zafin da bai shiga ba kuma wuta ce aka rage wa batir. Wani mai zane ya zana kofin askirim da ƙullin zoɓo a gefe, domin yaron da bai iya karatu ba ya gane daga nesa. Rubutun da Baba ya sa a ƙofar baya, "Allah Ya kiyaye hanya", shi kaɗai aka sake bi da sabon fenti ba a canza ko harafi ba. Ranar da aka dawo da ita gida Inna ta zagaya ta, ta dafa ƙofar direba, ta ce wa Yaya: "Babana, ku riƙe ta da amana, kada ku yi faɗa a kanta." Takardun mota da inshora da shaidar lafiyar mota duk an sabunta su kafin ta hau titi, direbanmu kuma ɗan kawunmu ne mai lasisi wanda ya saba da giyar sitiyari.

Kayan da muke sayarwa kashi biyu ne. Akwai askirim da yogot na kamfani masu lambar NAFDAC, waɗanda muke sarowa daga Kano ta hanyar Gezawa da Gujungu, tafiyar sama da kilomita 100, a baro birni da sassafe kafin rana ta yi ƙarfi. A birni an daɗe da sanin masu kekunan Fan Milk da farin akwatinsu, amma mai keke ba zai iya kawo wannan kaya ƙauyenmu da sanyinsa ba, wannan giɓin ne motar ta cike. Kashi na biyu na matan gidanmu ne: ƙanƙarar zoɓo da citta da kanumfari, ta tsamiya, da ta garin ƙwallon kuka da madara, wadda ita ce yara suka fi rububi a kanta saboda kaurinta da ɗan tsaminta. Ruwan da ake haɗawa da shi tafasasshe ne, a ƙulla a sa a firiza nan take. Kunun aya mun ajiye shi gefe duk da ana tambayarsa, saboda saurin lalacewarsa. Abin da ya fi faranta mini rai a wannan tsari shi ne matan suna samun kuɗinsu suna cikin gida, kowacce ana rubuta adadin ƙullinta a littafi a biya ta ranar Juma'a, kuma 'yan matan da a da ake ɗora wa tire su fita talla yanzu suna makarantar boko da safe, Islamiyya da yamma.

Mai shi ne babban abin lissafi, musamman tun da aka cire tallafinsa a ranar 29 ga Mayu 2023, kuma 404 ba ta san tsimi ba. Maganin da muka samu shi ne rage yawo. Ba ma bin ƙauyuka gida-gida, wurin taro muke nufa mu kashe inji mu tsaya, rana ta yi wa firiza aiki. Ranar Alhamis kasuwar Maigatari ce a bakin iyakar Nijar, inda fatake da masu dabbobi ke wuni cikin ƙura da zafi, kuma a nan ne muke sayar da mafi yawan kayan mako. Ranar Lahadi Gujungu. Sauran ranaku sai ƙananan kasuwannin kusa, da wuraren ɗaurin aure da suna da saukar karatu in an gayyace mu, da filin ƙwallo da yamma. In azumi ya faɗo cikin zafi, fita ɗaya ake yi bayan la'asar, a tsaya kusa da masallaci, kuma ƙanƙarar zoɓo da ta tsamiya ce ke ƙarewa kafin a kira magariba.

Sana'ar tana da lokacinta. Daga Disamba zuwa Janairu, in hunturu ya sauka, ba mai neman abin sanyi, shi ya sa tun farko muka sa mai walda ya yi rumfar da mazaunin firiza da kusoshi masu kwancewa, a sauke su a ajiye a zaure, farantan sola su koma ba gida haske. A waɗannan watanni motar za ta yi jigilar amfanin gona mai tsabta a cikin buhu, riɗi da zoɓo da wake, ban da taki ban da dabbobi. A wannan tsakanin ne kuma za ta koma gareji, domin giya ta biyu tana ɗan ƙara in an saka ta da sauri, kuma dattijon ya ce a kawo masa ita da zarar kasuwa ta yi sanyi ya buɗe giyabos ya duba, kafin zafin Maris ya dawo.